Ba Kai Ne Ciwona Ba

Tiren bai jira Mardiya ta durƙusa ba. Kofunan suka fara karo da juna, ƙas-ƙas-ƙas, sannan gaba ɗaya suka kife a kan lafayar Hajiya Yakura, mahaifiyar saurayin da saura wata biyu a ɗaura musu aure.



"Innalillahi! Mardiya!" Inna Habsu, mahaifiyarta, ta zabura ta yayumo tsumma. "Hajiya ki yi haƙuri, don Allah ki yi haƙuri..."

Hajiya Yakura ba ta dubi lafayar ba. Hannuwan Mardiya take kallo, yadda suke karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Daga gefe Nuriyya ta yi 'yar dariya. 'Yar ƙanwar Hajiya Yakura ce, a gidansu ta tashi, kuma duk unguwa an san tun tana ƙarama take sa rai da Hamidu, ɗan Hajiya, saurayin Mardiya.

"Hala yau ba a samu na safe an haɗiya ba," ta faɗa ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji.

Wata irin wuta ta taso wa Mardiya tun daga ƙirji har ƙwaƙwalwa.

"Me kika ce?!"

"Mardiya..." Inna ta riƙo zanenta.

"A'a Inna, ki bar ni! Ni ce 'yar ƙwaya? Ku duka kun zauna kun zuba min ido kamar akuyar kasuwa! In kallo kuka zo yi, to kun gama, ku tashi ku tafi!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, ta kuma tuna a gaban wa ta faɗa.

Ta juya da gudu. Zuciyarta na dukan haƙarƙarinta, gumi na bin bayanta, tsakar gidan na juyawa. Ba ta kai ga randa ba ta zube.

*

Wanda ya san Mardiya bara ba zai yarda ita ce wannan ba. Malamar makaranta ce a lakwal ɗin unguwarsu a nan Gure, shekarunta ashirin da huɗu, kuma saboda sanyin halinta ne ake ba ta ajin ƙananan yara. Amma wata huɗu ke nan ta rasa gane kanta. Tana ci kamar mai noma, tana ramewa kamar mai azumi. Ko a watan ɗari da mutane ke neman bargo, ita mafici take nema. In ta zauna sai ta miƙe, in ta miƙe ba ta san me ta tashi yi ba. Abu kaɗan sai faɗa, bayan faɗa sai kuka.

A ƙaramin asibitin unguwa ta farfaɗo, majo, babban ma'aikacin jinya, yana kwance mata abin awon jini daga dantse.

"Sha bakwai da takwas," ya ce yana girgiza kai. "Madam, jininki ya hau. Shekarunki nawa ma?"

"Ashirin da huɗu."

"Yarinya kamarki da hawan jini? Wa ke tayar miki da hankali? Akwai abin da kika sa a ranki, ki cire shi."

"Babu komai..."

"Haka kuke cewa duka."

Ta ɗaga ido, sai ta ga Hamidu a bakin ƙofa. Daga wurin aiki ya sheƙo, da rigarsa ta ma'aikatan kiwon dabbobi, kwalkwalin babur a hannunsa. Ya ji komai.

Aka ba ta magani, aka ce ta rage gishiri, ta rage tunani.

Gishirin ta rage. Tunani kuwa sai ya ƙaru, domin kafin mako ya zagayo maganarta ta gama gari. Wasu suka ce ƙwaya take sha. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta. Nuriyya kuwa ta zaɓi wadda ta fi kowacce dafi, ta kai wa Hamidu har ɗakinsa.

"Yaya Hamidu, ni ba na shiga abin da ba ruwana. Amma ka tuna da kanka, wane wata aka sa muku rana? Wane wata kuma ta fara ramewa? Mace in tana son aure, ƙiba take yi."

Abin takaicin shi ne, watan ɗaya ne.

*

Bayan la'asar Hamidu ya zo, suka tsaya a gindin bishiyar bedin ƙofar gida inda suka saba tsayawa. Bai yi mata murmushin da ya saba ba.

"Ya jikin, hasken idona?"

"Da sauƙi." Tana fifita da gefen mayafinta, ƙafarta ɗaya na bubbuga ƙasa.

"Hajiya ta ce a ɗaga bikin."

"Na sani. Na cancanci fiye da haka."

"Ba wannan ya kawo ni ba." Ya sunkuyar da kai. "Mardiya, zan tambaye ki, ki dubi girman Allah ki faɗa min gaskiya. Ni ne?"

"Kai ne me?"

"Ciwon nan. Na ji abin da majo ya ce. Tun da aka sa ranarmu kike narkewa a gabana. In na zo, zuciyarki har a wuyanki nake ganin bugunta. In akwai wani, ko kuwa kawai ni ne ba kya so, kina jin nauyin faɗa..."

"Hamidu!"

"Ki bari in ƙarasa, rabin raina. Gara in gan ki a gidan wani da lafiyarki, da in kai ki gidana in rufe ki da hannuna. Wallahi zan iya haƙura."

A zuciyarta cewa take, ka riƙe ni, ni ma tsoro nake ji, ban san me ke cina ba. Amma wutar nan ta riga ta taso, ita ce ta kama harshenta.

"Za ka iya haƙura? Shekara uku, sai yau na san za ka iya haƙura da ni! Ashe hanya kake nema! To ga ta nan, a buɗe take. Tafi! Je ka auri mai lafiya!"

"Mardiya, ba haka..."

"Na ce ka tafi!"

Ta shige gida ta banko ƙyaure. Ta jingina da shi tana jin tsayuwarsa a waje. Sai daga baya ta ji tashin babur.

Kwana biyu bayan nan aka ce ya karɓi aikin rigakafin dabbobi a rugagen Alakoss. Wata biyu zai yi.

*

Maganin majo bai yi komai ba. Duk awon da aka yi, sha shida, sha bakwai, sha shida. Ranar da alli ya gagare ta riƙewa a gaban allo, yara suka fara dariya, ta daka musu tsawar da ta sa wata 'yar ƙarama fitsari a wando, ranar ta ajiye aiki ta dawo gida ta faɗa jikin mahaifiyarta.

"Inna, hauka nake yi ko? Ki faɗa min. In hauka ne a ɗaure ni tun ban illata wani ba."

"Rufe min baki! Gobe babban asibiti za mu."

Likitar da suka tarar mace ce, Dokta Zaliha, doguwa mai gilashi, ba ta da gaggawa. Ta auna jinin, ta ƙirga bugun zuciya.

"Miƙo hannuwanki gaba. Buɗe yatsun."

Ta ɗora farar takarda a kansu. Takardar ta hau rawa.

"Kina cin abinci?"

"Kamar gara," in ji Inna. "Amma dubi ƙashin wuyanta."

"Zafi fa? Barci? Al'adarki ta ragu?"

Mardiya ta ɗago da mamaki. "Duka... Ya aka yi kika sani?"

Likitar ta zuba ruwa a kofi ta miƙa mata. "Janye mayafin. Ɗaga haɓa. Kurɓa ki riƙe a baki, sai na ce ki haɗiye. Inna, matso ki gani. To, haɗiye."

A gindin maƙogwaron wani ɗan kumburi ya yi sama, ya dawo.

"La'ilaha illallahu! Maƙoƙo ne?"

"Danginsa ne, Inna. Kowa yana da wata 'yar tsoka a nan, muna ce mata tiroyid. Ita ke sa wa jiki saurin da zai yi aiki. In ta yi yawan aiki, kamar an ɗora tukunya ne an yi ta tura itace. Zuciya ta yi ta gudu tana tunkuɗa jini da ƙarfi, sai lambar sama ta awon jini ta hau. In kuma ta yi kasala, jijiyoyi su yi tauri, sai lambar ƙasa ta hau. Ta kowane gefe tana iya kawo hawan jini. Ina zaton ta 'yarki gudu take yi, amma sai an auna jininta a Damagaram za mu tabbatar."

Mardiya ta riƙe gefen kujera.

"Dokta... faɗan da nake yi fa? Na zagi mutanen da ban taɓa ɗaga wa ido ba."

"Yana cikin ciwon."

"Ba damuwa ba ce? Ba wani ne ya sa min ba?"

"Ko kina cikin gidan sarauta ba abin da ya dame ki, haka jininki zai hau. A wuyanki abin yake."

Sai kawai ta fashe da kuka, irin kukan da rabonta da shi tun tana yarinya. Inna na shafa bayanta tana cewa, "To ai alhamdu lillahi, ciwon da aka san sunansa an ci rabinsa."

Suka bi motar safe zuwa Damagaram, aka ɗebi jini. Bayan kwanaki sakamako ya fito, ya gaskata zaton likita. Aka ɗora ta a kan magani iri biyu, ɗaya ya rage wa tsokar gudu, ɗaya ya lallashi zuciya.

"Ba na kwana bakwai ba ne," Dokta Zaliha ta gargaɗe ta. "Shekara ɗaya ko fiye, kuma za mu riƙa auna jini. Ko kin ji garau kada ki daina. In zazzaɓi ya kama ki da ciwon maƙogwaro, ki zo a ranar. Aure kuma ba laifi, amma ciki sai mun yi shawara tukuna."

"Auren ma ai babu shi," Mardiya ta ce a hankali.

*

Mako shida, jinin ya sauko sha uku. Ta fara barci. Kumatunta suka fara dawowa. Amma hankalinta bai kwanta ba, don yanzu da wutar ta lafa, sai take ganin duk abin da ta ƙona.

Sau nawa ta rubuta wa Hamidu saƙo ta goge? "Ba kai ba ne." Ta goge. "Ka yafe min." Ta goge. Ta zagaya tsakar gida, ta dawo ta sake ɗaukar wayar. In ya amsa da cewa ya riga ya haƙura fa? Ai da bakinsa ya ce zai iya.

Ran wata Alhamis maƙwabciyarsu ta shigo aron turmi, ta saki maganar kamar ba da gangan ba.

"An ce Hamidu ya dawo jiya. An ce kuma za a yi tuwona maina, shi da Nuriyya."

Mardiya ta miƙe ta ɗauki mayafi.

"Ina za ki?" in ji Inna.

"Gidan Hajiya Yakura."

"Ke! Da ƙafarki? Ina kunyarki?"

"Ba roƙon aure zan je ba, Inna. Na ci mutuncin babbar mace a ɗakinki, ban ba ta haƙuri ba. In ba zan zama surukarta ba, kada in zama mai laifi a wurinta har abada."

Inna ta dube ta, ta dube ta, sannan ta janyo nata mayafin. "Mu je."

Nuriyya ce ta amsa sallamar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Hajiya na hutawa."

"Wace ce?" muryar Hajiya ta fito daga rumfa.

"Masu rawar hannu ne."

"Matsa musu su shigo. Ke kuma je ki duba min tukunya."

Mardiya ta durƙusa nesa da tabarma, kanta a ƙasa.

"Hajiya, na zo neman gafara ne. Abin da na yi ranar nan, ko 'yar da ba ta da uwa ba za ta yi ba. Ba na kare kaina. Amma ina so ki sani ba ƙwaya nake sha ba, ba kuma wani ne a raina ba. Ciwo ne a wuyana, shi ya hau da jinina, shi ya ɗauke min haƙuri. Ga takardun likita."

Hajiya Yakura ba ta karɓi takardun ba.

"Matso nan."

Ta matsa.

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa. Hannun ya tsaya cak. Hajiya ta kama shi, ta juya shi, ta riƙe, kamar tana jiran ya fara. Bai fara ba.

"A wuya kika ce?"

"Eh, Hajiya. Nan."

Dattijuwar ta kai yatsu ta taɓa wurin. Sai Mardiya ta ji yatsun Hajiya ne ke rawa.

"Da magani ya tsaya? Ƙwayar magani kawai?"

"Ita kawai, Hajiya."

"Wayyo Biba..." Hawaye suka zubo mata. "Wayyo 'yar'uwata!"

Inna Habsu ta matso. "Hajiya, lafiya?"

"Habsu, ina da yaya, Biba, uwa ɗaya uba ɗaya. A Kelle muka tashi. Shekara ɗaya da aurenta ta fara haka. Hannu na rawa, ci ba ƙoshi, rama, faɗa da kowa. Idanunta suka firfito, wuyanta ya kumbura. Aka ce iska ce. Ba inda ba a kai ta ba, an yi turare, an yi rubutu, har ɗaure ta aka yi a turke. Ni nake kai mata fura. Tana ce min, Yakura ƙirjina zai fashe, ni kuwa ina ce mata ta yi shiru kada a ji." Ta share fuska da gefen lafaya. "Wata safiya zuciyar ta tsaya. Mijinta bai ƙara zama mutum ba."



"Ranar da na ga hannun yarinyar nan, Biba na gani. Ba lafayata ce ta dame ni ba, ba kuma zagin ba. Cewa na yi ɗana ba zai ga abin da mijin Biba ya gani ba. Ashe abin yana da suna. Ashe yana da magani. Shekara arba'in..."

"Allah ya jiƙanta, Hajiya," Mardiya ta faɗa, ita ma tana hawaye.

"Amin. Tashi, 'yata, na yafe. Je ki zaure, akwai wanda tun jiya bai ci abincina ba."

A bakin madafa Nuriyya na tsaye da ludayi a hannu. Hajiya ta dube ta sau ɗaya.

"Ke kuma, maganar ƙwaya daga bakinki ta fita. Gidan da kika kai ta duk za ki koma ki ɗebo ta."

*

Hamidu na tsaye a zauren, ya yi baƙi, ya rame, rana ta gasa shi. Da gani ya ji duk abin da aka faɗa.



"Ka rame," ta ce.

"Ke kin yi kyau."

"An ce za ka auri Nuriyya."

"An ce. Ni ma a gari na ji." Ya matso taki ɗaya. "Mardiya, wata biyu ina bin rugage, duk inda na samu waya ta kama sai in duba ko kin turo ko da harafi ɗaya."

"Na rubuta ya fi sau ɗari."

"Ina suke?"

"Na goge. Kai ka ce za ka iya haƙura."

"Ƙarya na yi! Wallahi ƙarya na yi, ban iya ba. Na zaci ina ceton ranki ne, ashe barin ki na yi a lokacin da kika fi bukatata. Dabba in ta canza hali, ban taɓa cewa ta tsane ni ba, dubawa nake in ga me ke cinta. Amma ke, sai na tsaya ina tunanin kaina."

"Yanzu da dabba kake haɗa ni?"

Ya daburce. "A'a! Ba haka nake nufi..."

Sai ta yi dariya, ta farko a cikin wata shida. Ya sauke ajiyar zuciya ya dafa bango.

"Ba kai ne ciwona ba, Hamidu. Ba ka taɓa zama ba. Amma ka sani tun yanzu, maganin mai tsawo ne. Shekara, ko fiye. Haihuwa ma sai likita ta ba da izini. Wata rana kuma wutar na iya tasowa in ce ka tafi."

"Sai in zauna."

"In na yi ihu fa?"

"Sai in ɗauko babur mu tafi awon jini, sanyin idona. Ba za ki ƙara kora ta da baki ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Allah ya shirye ka."

*

Bayan damina aka sake sa rana. Saura mako ɗaya biki, lokacin komawarta asibiti ya yi. Inna Habsu ta shirya za ta raka ta, sai ga Hajiya Yakura a ƙofar gida da sabuwar lafaya.

"Habsu, zauna ki ji da 'yan biki. Yau ni zan kai ta."

Hamidu ya biyo su a babur, aka bar shi a baranda yana kai da komo, yana leƙe ta taga.

Dokta Zaliha ta auna. "Sha biyu da bakwai. Amarya, kin yi ƙoƙari." Ta dubi dattijuwar da ta matso da kujerarta har tana gogar tebur. "Wannan fa? Ba ita ce ta kawo ki wancan karon ba."

Kunya ta kama Mardiya. Ta buɗe baki ta rasa sunan da za ta kira.

"Uwarta ce," Hajiya Yakura ta amsa, ta kai hannu da kanta ta janye mayafin daga wuyan yarinyar. "Duba min ita da kyau, likita, kada ki yi sauri. Na rasa ɗaya. Wannan ba zan rasa ta ba."